Tambarin DNA: Yadda masana ke bambance zuri'o'in fumfuna masu haddasa cuta

Duk wanda ya taɓa buɗe asusun banki, ko ya yi rajistar katin ɗan ƙasa, ko aka tantance shi a ma'aikata kafin a biya shi albashi, ya san amfanin zanen yatsa. Mutum biyu na iya zuwa da suna ɗaya, daga gari ɗaya, har ma su yi kama, amma da zarar kowa ya ɗora yatsansa a kan na'ura sai a rabe su. Masana kimiyya suna da irin wannan hanya ta tantancewa, sai dai su DNA suke dubawa, wato ƙwayar halittar da kowane mai rai ke gada daga abin da ya haife shi. Alamomin da ake fitarwa daga wannan dubawa su ne za mu kira tambarin DNA.

Yawancin jama'a sun san gwajin DNA ne a rigimar tantance uban ɗa ko a binciken masu laifi. Amma shekaru fiye da 30 ke nan ana amfani da shi a kan fumfuna, domin a gane bambancin da ke tsakanin zuri'o'inta. Wannan bambanci shi ke nuna maganin da zai yi wa majinyaci aiki, da hanyar da cuta ta bi ta shiga ƙasa, da kuma dalilin da ya sa ake karɓar gyadar wani a kasuwar duniya a mayar da ta wani.

Fumfuna da danginta

Fumfuna ita ce abin da ke tsirowa a jikin burodin da ya kwana biyu, ko tuwon da aka manta da shi, ko masarar da aka zuba a rumbu da danshi. A wurin masana, ita da naman kaza da yis ɗin da ake kwaɓa fulawa da shi duk gida ɗaya suka fito. Mafi yawan 'yan gidan ba su da illa, wasu ma suna da amfani, domin daga wata fumfuna aka samo maganin fenisilin. Sai dai akwai masu cutarwa a cikinsu. Makero da kyasbi a jikin mutum aikinsu ne, haka burtuntuna a jikin dawa da tsatsa a ganyen alkama. Wasu kuma sukan shiga jini ko huhu ko ƙwaƙwalwa, musamman a jikin wanda garkuwarsa ta yi rauni.

A watan Oktoba na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 da ta ce sun fi barazana ga lafiyar ɗan Adam, karo na farko da ta yi hakan. Hukumar ta nuna damuwa cewa rukunin magunguna huɗu kacal ake da su na yaƙar irin waɗannan cututtuka, kuma fumfunar tana ƙara bijire musu.

Matsalar da likita da malamin gona suka daɗe suna fuskanta ita ce ido ba ya rabe fumfuna. Ana iya ɗaukar samfuri biyu, a raina su a ɗakin gwaje-gwaje, su fito da launi ɗaya, a duba su a madubin likita a ga siffa ɗaya, a ba su suna ɗaya, alhali ɗaya tana mutuwa da magani ɗayar kuma ko a jikinta. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Don haka masana suka bambanta abu biyu: jinsi, wanda shi ne babban sunan da ya haɗa su, da zuri'a, wadda ita ce reshen da ke cikin jinsin. Tambarin DNA zuri'a yake fitarwa.

Asalin fasahar

Farfesa Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta da ke Ingila ne ya gano wannan hanya a watan Satumba na 1984. Ya lura cewa akwai wurare a cikin DNA ɗin mutum da wasu 'yan sassa ke maimaita kansu, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. An fara amfani da ita a hukumance a 1985, a kan wani yaro ɗan asalin Gana da jami'an shige da fice na Birtaniya suka yi shakkar cewa ɗan matar da ya ce mahaifiyarsa ce. Gwajin ya tabbatar ɗanta ne, aka bar shi ya zauna.

Abu na biyu da ya sauƙaƙa aikin shi ne fasahar PCR, wadda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, har ta samar masa lambar yabo ta Nobel a 1993. Ita kamar injin kwafar takarda take: a ba ta ɗan guntun DNA, ta ninka shi sau miliyoyi cikin 'yan sa'o'i, har ya isa a yi gwaji da shi. Daga farkon shekarun 1990 masu nazarin cututtukan mutane da na amfanin gona suka rungumi waɗannan hanyoyi a kan fumfuna.

Yadda ake fitar da tambarin

DNA tamkar dogon rubutu ne da aka yi da haruffa huɗu kacal, waɗanda masana ke wa laƙabi da A, C, G da T. Rubutun ɗan Adam ya kai haruffa biliyan 3. Na fumfuna ya fi gajarta sosai, galibi miliyoyi goma-goma ne. Duk sa'ad da fumfuna ta hayayyafa sai ta kwafi rubutun ta miƙa wa 'ya'yanta, kuma jefi-jefi akan sami kuskure a kwafar, wani harafi ya sauya ko wani sashe ya faɗi. Kuskuren yakan zama gado. Zuri'o'in da suka rabu tun da daɗewa suna da irin waɗannan bambance-bambance da yawa, waɗanda suka rabu kwanan nan kuwa kaɗan ne tsakaninsu.

Aikin yakan fara da ɗaukar samfuri daga jini, ko fata, ko ganye, ko ƙasar gona. A raina fumfunar ita kaɗai a faranti, a farfasa ta da sinadarai a tace DNA ɗin. Daga nan hanyoyi suka rabu.

A tsohuwar hanya, akan yanka DNA ɗin gunduwa-gunduwa da wani sinadari mai aikin almakashi, ko a ninka wasu sassansa da PCR, sannan a zuba a cikin wani daskararren ruwa mai kama da kunun da ya kwana, a jona masa lantarki. Gajerun gunduwoyi sukan yi nisa, dogaye su tsaya kusa, sai a sami jerin layuka kamar waɗanda ake gani a jikin kwalin kaya a kantin zamani. Idan layukan samfuri biyu suka zo daidai, ana ɗaukar su zuri'a ɗaya. Hanyoyin RAPD na 1990 da AFLP na 1995 duk a wannan sahu suke. Ta farkon tana da araha, amma aibinta shi ne sakamakon wannan ɗakin gwaji ba lallai ya dace da na wancan ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙirga maimaici. A zaɓi wasu sanannun wurare da gajeren sashe ke nanata kansa, a ƙirga sau nawa ya nanata a kowane wuri. Sakamakon yakan fito a jerin lambobi, wanda za a iya adanawa a kwamfuta a kwatanta da na wata ƙasa.

Hanya ta uku, wadda ta fi kowace zurfi, ita ce karanta rubutun gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, a ƙirga haruffan da suka saɓa. A da tsadarta ta fi ƙarfin yawancin cibiyoyi, amma farashinta ya faɗi matuƙa a shekaru 20 da suka wuce.

A asibiti: Candida auris

A 2009 likitoci a Japan suka ba da rahoton wani sabon yis da suka samu a kunnen wata dattijuwa, suka sa masa suna Candida auris, da yake kalmar ta biyu kunne take nufi a harshen Latin. Cikin 'yan shekaru sai ga shi a jinin majinyata a Indiya, Pakistan, Afirka ta Kudu da Benezuwela. Yana daɗewa a jikin gado da kayan aikin asibiti, kuma tsofaffin na'urorin gwaji sukan rikita shi da wani jinsi dabam.

Tunanin farko shi ne cutar daga wuri ɗaya ta taso matafiya suka yaɗa ta. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da abokan aikinta suka karanta DNA ɗin samfurori daga waɗannan ƙasashe, suka wallafa sakamakon a 2017. Abin da suka gani ya saɓa wa wancan tunani. Zuri'o'i huɗu ne mabambanta: ta Kudancin Asiya, ta Gabashin Asiya, ta Afirka ta Kudu da ta Kudancin Amurka. Tsakanin wata zuri'a da wata akwai bambancin haruffa dubbai masu yawa, a cikin kowace zuri'a kuwa bambancin ɗan kaɗan ne. Ma'ana, kowace ta ɓulla ne da kanta a yankinta, kusan a lokaci guda. Binciken ya kuma nuna kashi 93 cikin 100 na samfurorin ba sa jin fulukonazol, maganin da aka fi ba masu irin wannan cuta. Daga baya an gano zuri'a ta biyar a Iran.

Amfanin wannan ilimi ya fito fili a wani asibiti da ke Oksfod, inda majinyata 70 suka kwashi cutar a sashen kulawa ta musamman tsakanin 2015 da 2017. Tambarin da aka samu a jikin majinyatan ya dace da wanda aka samu a jikin ma'aunin zafin jiki da ake sa wa a hammata, wanda ake cirewa daga wannan a sa wa wancan. Sai da aka daina amfani da ma'aunan sannan cutar ta lafa. A Najeriya ma, wani rahoto da masana suka wallafa a 2022 ya tabbatar da samun wannan yis a jinin wasu majinyata, kuma DNA ya nuna ba zuri'a ɗaya ba ce ta shigo.

A gona: cutar da ta tsallaka teku

Akwai wata fumfuna da ke busar da zangarniyar alkama ta yi fari fat ba tare da ƙwaya ba. An fara ganin cutar a jihar Parana ta ƙasar Brazil a 1985, kuma ta shafe shekaru kusan 30 ba ta fita daga Kudancin Amurka ba. A watan Fabrairu na 2016 sai ta ɓarke a Bangaladesh, ta shafi kimanin hekta 15,000, har aka riƙa cinna wa wasu gonaki wuta domin a daƙile ta.

Tambayar da ta dami hukumomi ita ce daga ina ta fito. Jinsin fumfunar ɗaya ne da wadda ke kama shinkafa, kuma Bangaladesh ƙasar shinkafa ce, don haka aka yi fargabar ko ta shinkafar ce ta rikiɗa ta koma kan alkama. Farfesa Tofazzal Islam na Bangaladesh da wasu masana na Turai, ciki har da Sophien Kamoun, suka ɗebi ganyen da ya kamu, suka karanta ƙwayoyin halittarsa, suka saki bayanan a intanet kowa ya duba. Cikin 'yan makonni amsa ta fito: zuri'ar Kudancin Amurka ce. Zargi ya fi karkata ga alkamar da aka shigo da ita ta jirgin ruwa.

A daminar 2017 zuwa 2018 cutar ta bayyana a gundumar Mpika ta Zambiya, karo na farko a nahiyar Afirka. Wani bincike na 2023 ya nuna ta Zambiya da ta Bangaladesh zuri'a ɗaya ce, wadda ake kira B71, amma kowace ta iso ne kai tsaye daga Kudancin Amurka, ba daga ɗaya ta tafi ɗayar ba. Binciken ya kuma nuna cewa irin alkama mai ɗauke da wata ƙwayar gado da ake kira Rmg8 yana iya jure mata. Ga ƙasa kamar Najeriya, wadda ke sayo mafi yawan alkamarta daga waje kuma take noman ta da rani a Kano da Jigawa, wannan labari ne da ya shafi tashar jiragen ruwa kamar yadda ya shafi gona.

A kasuwa: gyada, masara da gubar aflatoksin

Misalin da ya fi kusa da ɗan kasuwar Arewa shi ne na Aspergillus flavus, fumfuna mai launin kore-kore da rawaya da ke zaune a cikin ƙasar gona. Takan kama masara da gyada da barkono tun suna gona, musamman idan fari ya riske su gab da girbi ko ƙwari suka huda su, sannan ta ci gaba da yaɗuwa a rumbu ko sito idan akwai danshi. Tana fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda duniya ta san da ita a 1960, lokacin da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyada daga Brazil.

Gubar tana haddasa kansar hanta, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Bincike a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. Idan ta yi yawa a abinci tana iya yin kisa. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan sun ci gurɓatacciyar masara, 125 daga cikinsu suka rasu. Shi ya sa ƙasashe suka kafa iyaka mai tsauri. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyadar ci da gubarta ta wuce maikurogiram 4 a kilo ɗaya, kwatankwacin giram 4 a cikin tan 1,000. Iyakar Amurka 20 ce.

Abin da nazarin zuri'o'i ya bayyana shi ne ba duk Aspergillus flavus ce ke da guba daidai ba. Masarar da ta yi kisa a Kenya cike take da wata zuri'a mai fitar da guba fiye da kima. A Afirka ta Yamma kuma an sami wata mai tsananin guba da aka daɗe ana lissafa ta a cikin wannan jinsi, sai da DNA ya nuna jinsi ce mai zaman kanta aka ba ta suna Aspergillus aflatoxiformans. A ɗaya ɓangaren, akwai zuri'o'in da ba sa iya yin gubar sam. Umarnin haɗa aflatoksin yana rubuce ne a wani yanki guda na DNA ɗin fumfunar, kuma a wasu zuri'o'i wannan yanki ya gutsure ko ya ɓace baki ɗaya. A wata zuri'a mai suna AF36, wadda Dokta Peter Cotty na Ma'aikatar Gona ta Amurka ya yi aiki da ita a gonakin auduga na jihar Arizona, sauyin harafi ɗaya tak cikin kusan miliyan 37 ne ya tsayar da aikin gubar.

Daga nan dabara ta samu: a cika gona da marasa guba tun da wuri, su riga masu guba kama wuri. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, da ke Ibadan, tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka da wasu abokan hulɗa, ta tattara dubban samfurori daga gonakin Najeriya, ta tace su, ta zaɓi zuri'o'i huɗu marasa guba ta haɗa abin da ake kira Aflasafe. Hukumar NAFDAC ta yi masa cikakkiyar rajista a 2014. Dawa ce da aka gasa don kada ta tsiro, aka shafe ta da ƙwayoyin irin fumfunar, aka rina ta shuɗiya don kada a ɗauke ta abinci. Akan watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure. Gwaje-gwajen da aka yi a gonakin manoma sun nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Tambarin DNA yana da aiki a kowane mataki na wannan shiri. Da shi ake tabbatar da cewa zuri'ar da aka zaɓa ta rasa sashen gubar. Da shi ake gane wadda ta fi yaɗuwa a yankuna daban-daban, alamar cewa ta saba da ƙasar da yanayinta. Bayan girbi kuma akan ɗebi masara a duba ko fumfunar da ke jikinta ita ce wadda aka watsa. Haka nan shi ya sa ba a ɗauko zuri'ar Arizona an kawo Kaduna ba. Da ɗan gari akan ci gari: Kenya da Gana da Burkina Faso da Senegal kowace tana da nata haɗin, daga zuri'o'in da aka samo a ƙasarta.

Iyakar abin da tambarin ke iya faɗa

Dacewar tambari biyu tana nuna kusanci, amma ba ta faɗin wanda ya shafa wa wani. A lamarin Oksfod sai da aka haɗa sakamakon DNA da bayanan gadon da kowane majinyaci ya kwanta da kayan da aka yi masa amfani da su kafin a kai ga ma'aunin zafi. Sannan kwatanci ba ya yiwuwa sai da abin da aka taɓa tattarawa aka adana. An gane asalin cutar alkamar Bangaladesh da sauri ne saboda akwai bayanan samfurorin Brazil a hannu. Yankin da ba a ɗebi samfurorinsa ba, babu shi a wannan kundi, kuma ƙasashen Afirka da dama suna cikin wannan hali saboda ƙarancin kayan aiki, tsadar sinadarai da rashin tsayayyar wutar lantarki.

Ɗan kasuwa kuma ya kamata ya bambance gwaji biyu. Tambarin DNA yana faɗin wace zuri'a ce ke jikin kaya, amma ba ya auna yawan gubar da ke cikin buhu. Wannan wani gwaji ne dabam, kuma shi masu saye daga waje da manyan kamfanonin abinci da na abincin kaji suke nema. Gyada na iya yin kyau a ido alhali tana da guba, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da ita, don haka takan bi gyadar har cikin ƙuli-ƙuli. Ko an yi amfani da Aflasafe a gona, wajibi ne a busar da amfani sosai a kan tamfol ko daɓe, a tsince ƙwayoyin da suka fashe ko suka sauya launi, a kuma jera buhuna a kan katako nesa da bango da ƙasa, a wurin da iska ke ratsawa.